Wane Hoto Ya Dace da Mai Sankarar Kaluluwa a Gaya?

Kaluluwar da ta kumbura a wuya ko a hammata, ba ta ciwo kuma ta ƙi sauka, ita ce sau da yawa farkon alamar limfoma, wato sankarar kaluluwa. A yara akwai nau'in da Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, mai kumbura muƙamuƙi ko ciki, wanda ya fi yawa inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. Gaya tana bakin Kogin Kwara, a yankin da ya fi samun ruwan sama a Nijar, don haka batun hoton da za a riƙa bin majinyaci da shi ya shafe ta kai tsaye.

Ƙa'idar Lugano ta 2014 kan bin masu limfoma ta fifita PET-CT, kuma da hujja. Ana yi wa majinyaci allurar sukari mai ɗauke da sinadarin nukiliya, ƙwayoyin kansa su zuƙe shi su haska a hoto, likita ya ba hasken maki daga 1 zuwa 5 bisa ma'aunin Deauville. Sikana, wato CT, girman ƙullutu kawai take aunawa, alhali abin da ya rage bayan magani yana iya zama tabo. Binciken RATHL na 2016 ya nuna amfanin bambancin: masu limfomar Hodgkin da hotonsu ya fita tsaf bayan zagaye biyu na magani, an cire musu bleomycin mai lahanta huhu, sakamakonsu bai lalace ba.

Sai dai rabin ƙarfin sinadarin yana gushewa cikin minti 110, dole a sarrafa shi kusa da na'urar. Shi ya sa PET-CT ta tsaya a birane irin su Legas. Ga kuma matsalar da ba a cika faɗa ba: tarin fuka yana haskawa kamar kansa, mu kuwa a cikinsa muke.

Abin da asibitin gunduma zai iya riƙewa shi ne eko, wato hoton duban ciki da ake ɗauka da sauti. A shafa mai a ciki, a ɗora kan na'urar ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, nan take a ga saifa a auna tsawonta. Babu tururin da ke cutarwa, ana iya maimaitawa kowane zagayen magani, abin da ke da muhimmanci ga Burkitt mai ninka girmansa cikin kwana ɗaya ko biyu. Eko ba ta ganin ƙullutun da ya ɓuya a tsakiyar ƙirji, kuma ingancinta yana hannun mai riƙe da ita. Saboda haka ya kamata mutum ɗaya ya riƙa yin awon, ya rubuta shi da milimita a katin majinyaci.

Ra'ayina shi ne a kashe kuɗin hoto inda zai sauya shawarar likita. A yi sikana a Yamai kafin fara magani da bayan gamawa, tunda can Cibiyar Ƙasa ta Yaƙi da Kansa take, wadda ta fara gashin kansa a 2021. Tsakanin haka eko da hannun likita a Gaya sun wadatar. Bayan cuta ta kwanta, ƙa'idar Lugano kanta ba ta goyon bayan yawan ɗaukar hoto, domin yawancin dawowar cutar majinyaci ne ke fara lura da ita: zufan dare, rama, zazzaɓi, sabon ƙullutu. Ina jin takaicin ganin iyali sun sayar da tunkiya don tafiyar kusan kilomita 300 a ɗauki hoton da ba zai canja komai ba, alhali kuɗin zagayen magani na gaba bai haɗu ba. Kuma duk kyawun na'ura, sai an yanko ɗan tsoka an duba a ɗakin gwaji kafin a tabbatar wane nau'in limfoma ake bi.