Hoton asibiti ya nuna ƙwaƙwalwar mahaifinmu ta ragu: shin an ɗauke masa alƙalami?

Tambaya: Mahaifinmu yana Argungu, ya haura shekara 70. Mun kai shi asibitin koyarwa na Sakkwato aka ɗauki hoton kansa, sakamakon ya ce ƙwaƙwalwarsa ta ɗan tsuke. Wani lokaci yakan manta raka'a nawa ya yi. Yayana ya ce hankalinsa ya gushe, a karɓi gonarsa ta fadama a sayar. Da na ƙi, sai ya ce in yi shiru, ai ƙwaƙwalwar mace ƙarama ce. Mene ne gaskiya?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya saka miki da alheri bisa tsayawa kan haƙƙin mahaifi.

Ki sani raguwar ƙwaƙwalwa da shekaru abu ne da ke samun kowa, har mai cikakkiyar lafiya. Ƙwaƙwalwar baligi ba ta cika kai kilo ɗaya da rabi ba. Likitoci sun kiyasta cewa daga shekara 40 takan ragu da kimanin kashi 5 cikin 100 a duk shekara goma, bayan 70 kuma raguwar ta ƙara sauri. Sassanta ba sa raguwa daidai wa daida. Na goshi, wanda ke tsara al'amura, da wani ɗan sashe a ciki ta wajen kunne, wanda ke adana sabon abin da aka ji, suna cikin masu saurin tsukewa, ramukan ruwan da ke tsakiya kuma su faɗaɗa. Shi ya sa za ki ga tsoho ya kawo surar da ya haddace a makarantar allo ba gargada, amma ya manta inda ya ajiye carbinsa. A 2022 mujallar Nature ta buga binciken hotunan mutum sama da 100,000, ya nuna farin sashe mai jijiyoyin sadarwa yana kai ƙarshen girmansa dab da shekara 30, daga nan ya fara komawa baya. Yawancin waɗanda aka auna 'yan Turai ne da Amurka. Alƙur'ani ya ambaci wannan rauni na bayan ƙarfi a Suratur Rum aya ta 54, da mantuwar tsufa a Suratun Nahli aya ta 70.

Shari'a ba ta rataya hukunci a kan hoto ba, ta rataya shi a kan hankali. In Baba ya san mutanensa, ya san lokacin salla, ya san buhu nawa na shinkafa gonarsa ke bayarwa, to mukallafi ne, dukiyarsa tasa ce, sayar da ita ba da yardarsa ba zalunci ne. Hana mutum juya dukiyarsa aikin alƙali ne bayan hujja ta tabbata, ba na ɗa ba.

Mantuwar raka'a kuwa, a mazhabarmu ta Malikiyya wanda ya yi kokwanto zai yi gini a kan mafi ƙaranci, ya cika, ya yi ba'adi. In kokwanton ya aure shi, kullum sai ya zo masa, to ya yi watsi da shi, ya ɗauka ya cika, ya yi ba'adi kawai, kamar yadda ya zo a Risala. In ya kai ga ba ya gane 'ya'yansa ko ya ɓace a unguwarsu, wannan cuta ce, ba tsufa kaɗai ba, a mayar da shi ga likita. Hawan jini, ciwon suga da shan taba suna gaggauta lalacewar. Wanda hankalinsa ya gushe gaba ɗaya salla da azumi sun faɗi a kansa, zakka kuwa waliyyinsa zai fitar daga dukiyarsa.

Maganar yayanki akwai gaskiya a bakinta, amma ya ɗora mata abin da ba ta ɗauka. A matsakaici ƙwaƙwalwar namiji ta fi ta mace da kamar kashi 10 cikin 100, kamar yadda jikinsa da zuciyarsa suka fi girma. Binciken da aka yi wa mutum sama da 5,000 a Birtaniya a 2018 ya tabbatar da haka, ya kuma gano ɓawon ƙwaƙwalwar mata ya fi kauri. In aka cire bambancin girman kai, abin da ya rage tsakanin sassan kaɗan ne, kuma mata da yawa tasu ta fi ta maza da yawa. Ta Albert Einstein giram 1,230 ce, ƙasa da ta yawancin maza. Hadisin da wasu ke jawowa kan tawayar hankalin mata, Annabi (SAW) da kansa ya fassara shi da sha'anin shaida, bai ambaci awon kai ba. Mu da ke ƙasar Gwandu ma ba mu da uzuri, mun san Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa.

Ki sami wani dattijo cikin dangi ya zauna da yayanki, a kuma tambayi Baba da kansa abin da yake so a yi da gonarsa. Wallahu a'alam.