Ganuwar Bauchin Yakubu a tsofaffin hotuna

Jama'a, duk sanda tsohon hoton Ƙofar Ran ko Ƙofar Wunti ya zagayo a waya, 'yan Bauchin da ke Legas, Jidda ko Landan su suka fi kowa magana. Wani ya ce ta nan yake bi zuwa makarantar allo, wani kuwa wainar Bauchi kawai ya tuna.

Ganuwar da ƙofofin nan suke jikinta Malam Yakubu ne ya gina ta. Bageri ne, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Shehu ya ba shi tuta. A 1809 ya kafa birnin, wanda aka ce ya samo sunansa daga wani maharbi, Baushe. Turawa sun shigo a 1902 sun tarar da ganuwar a tsaye, kuma ba su suka rushe ta ba. Damina ce ta yi ta cin ta, sai gine-gine, musamman bayan 1976 da Bauchi ta zama babban birnin jiha.

Yau wanda ya dawo gida bayan shekara talatin, in ya ce a kai shi Wunti, kasuwa mai Keke Napep zai sauke shi.