Tallan baki da baki: yadda ƙananan sana'o'i ke bunƙasa da shaidar masu ciniki

Tallan baki da baki, wanda a Faransanci ake ce wa bouche-à-oreille, shi ne wanda ya sayi kaya ko aka yi masa aiki ya ba wani labari, har shi ma wancan ya zo da ƙafarsa. Idan mai sana'a ne ya tsara abin da gangan, yana ba da ragi ko tukwici ga duk wanda ya kawo masa sabon mai ciniki, to shi ne ake kira parrainage. A Nijar da ƙasashen da ke maƙwabtaka da ita, inda akasarin masu ƙananan sana'o'i ba su da halin biyan talla a rediyo ko talabijin, da wannan hanya ce tela, makaniki, mai walda, mai kitso da mai abinci suke samun galibin masu cinikinsu. Da ita ce kuma suke rasa su, domin mugun labari hanya ɗaya yake bi da mai kyau.

Dalilin da ya sa shaidar mutum ke da nauyi

Akwai kayan da ido ke iya tantancewa tun kafin a biya, kamar albasa ko atamfa. Akwai kuma waɗanda sai bayan an biya ake sanin gaskiyarsu: gyaran babur, ɗinki, gini, irin shuka. A irin wannan ciniki mai sayarwa ya san abin da mai saye bai sani ba. Masanin tattalin arziki ɗan Amurka George Akerlof ya yi bayanin matsalar a 1970 da misalin tsofaffin motoci: idan mai saye ba ya iya bambance mai kyau da maras kyau, sai ya taya duka da araha, masu kaya na ƙwarai su janye, kasuwa ta koma hannun masu algus. Aikin na cikin abin da ya ba shi lambar yabo ta Nobel a 2001.

Shaidar wanda aka sani ita ce ke cike wannan giɓi. Wanda ya ce wa abokinsa ya kai babur wurin wane ya riga ya gwada, kuma ya sa mutuncinsa a ciki, domin idan aikin ya ɓaci shi za a fara yi wa ƙorafi. Tun a 1955 Elihu Katz da Paul Lazarsfeld suka wallafa binciken da suka yi kan mata kusan 800 a garin Decatur na Amurka, inda suka gano cewa wajen sauya kayan da ake saye, maganar wanda aka sani ta fi tallan jarida da na rediyo tasiri.

Asalinsa a kasuwancin Hausawa

Fataucin Hausawa na nesa, kamar na goro zuwa Gwanja, ya dogara ne da fatoma da dillali. Baƙo kan sauka wurin fatoma, ya ba shi masauki, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da masu saye na amana. Abner Cohen, a littafinsa na 1969 kan Hausawan Sabo a Ibadan, ya nuna yadda ake ba mahauta shanu bashi ba tare da takarda ba, maigidan da baƙon ya sauka wurinsa ne ke tsayawa. Mahaucin da ya ƙi biya, labarinsa kan gama kara, a daina ba shi ko da bijimi ɗaya.

Shi ma Emmanuel Grégoire, a littafinsa na 1986 kan alhazan Maraɗi, ya bayyana yadda barantaka da amana ke riƙe cinikin da ake yi tsakanin Maraɗi da Katsina da Kano. Yaron da ya yi shekaru a hannun ubangida yakan fita da jari, ya kuma fita da sunan ubangidan, wanda ke buɗe masa ƙofofi. A cikin gidaje kuwa dillaliya ce ke wannan aiki: ta ɗauki kayan wata ta shiga gida gida, ta karɓi la'adarta, ta kuma san wadda ke biya da wadda ke ja.

Inda labari ke yawo a yau

Wuraren hira su ne kasuwar shaida. A fada, inda matasan Yamai da Damagaram ke zama shan shayi, ake jin wane makaniki ne ba ya sauya wa mutum kayan inji. A tasha ƴan kabu-kabu da direbobi ke nuna wa baƙo inda zai ci abinci. Biki da suna kuwa su ne bajekolin tela da mai lalle da mai girki, tunda mata da yawa za su ga aikin a rana guda su tambayi wa ya yi. Haka ma foyandi da adashi da ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda ƙungiyar CARE ta fara a Nijar a 1991: mata na haɗuwa a kai a kai, kuma sun riga sun amince wa juna da kuɗi.

Binciken Mark Granovetter na 1973 ya ƙara wani haske. Ya nuna cewa sabon labari ya fi zuwa daga mutanen da aka sani sama-sama, domin dangi da aminai duk mutane ɗaya suka sani. Ma'anarsa ga mai sana'a ita ce, mai ciniki guda da ya zo daga wata unguwa ko wata ma'aikata yana iya buɗe masa hanyar da ƴan uwansa goma ba za su buɗe ba.

Wayar salula ta faɗaɗa wannan. Jenny Aker ta bi kasuwannin hatsi na Nijar daga 2001 zuwa 2006, lokacin da layin salula ke shiga garuruwa ɗaya bayan ɗaya, ta gano cewa bambancin farashi tsakanin kasuwanni ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100, saboda ƴan kasuwa na jin labari kafin su ɗora kaya. Yanzu kuma ga WhatsApp, wanda saƙon murya ya sa har wanda bai yi lakkol ba yana amfani da shi. Mai turaren wuta a Damagaram kan sa hoto a shafinta, wata ta tura wa ƴar uwarta a Agadas, a aiko kuɗi ta Nita ko Amana, kaya su bi motar safe.

Abin da ke sa a ba da shaida

Na farko shi ne cika alkawari. Telan da ya ce Alhamis kuma aka samu kaya ranar Alhamis ya riga ya bambanta da saura, musamman a makon sallah. Na biyu cikar awo: tiya ta cika, sikeli ya tsaya daidai, kayan da aka nuna su ne aka ƙulla. Na uku farashi guda. Wanda aka turo ya riga ya ji nawa abokinsa ya biya, kuma idan aka tsawwala masa, mutum biyu aka rasa. Na huɗu gyara, wato ɗan ƙarin da mai sayarwa ke ɗorawa bayan an gama ciniki, wanda kuɗinsa kaɗan ne amma ana tuna shi.

Na biyar shi ne abin da ake yi idan an yi kuskure. Mai waldar da ƙofarsa ta ɓalle ya je ya gyara ba tare da gardama ba yakan samu shaidar da ta fi ta wanda ba a taɓa gwada shi ba, domin mai ciniki ya ga halinsa a ranar da abu ya ɓaci.

Yadda ake tsara shi

Mataki na farko littafi ne da biro. Duk sabon mai ciniki a tambaye shi wa ya turo shi, a rubuta. Bayan wata uku za a ga sunayen da ke maimaituwa, kuma su ne ya kamata a fara kira a yi musu godiya. Lokacin da ya fi dacewa a roƙi mutum ya faɗa wa wasu shi ne sa'ad da yake yaba aikin da bakinsa. A sauƙaƙa masa kuma: lambar waya a jikin leda ko kati, da kwatancen shago a saƙon murya wanda zai iya turawa.

Manyan kamfanoni ma sun bi wannan hanya. PayPal a farkon kafuwarsa ya riƙa ba da dalar Amurka 10 ga wanda ya kawo sabon mutum, Dropbox kuma ya riƙa ƙara wa mai kawowa da wanda aka kawo wurin ajiya kyauta. Wani bincike da aka wallafa a 2011, wanda ya bi mutum kusan 10,000 masu hulɗa da wani banki a Jamus na kimanin shekara uku, ya gano cewa waɗanda aka turo sun fi daɗewa tare da bankin, kuma ƙimarsu gare shi ta zarce ta sauran da aƙalla kashi 16 cikin 100.

Sai dai tukwici na buƙatar lissafi. A ɗauki misalin telan da ribarsa jika 2 ce a kowane ɗinki, kuma mai ciniki na kawo masa aiki sau 5 a shekara, wato jika 10. Idan ya rage jika ɗaya ga wadda ta kawo, jika ɗaya ga wadda aka kawo, ribar ɗinkin farko ta tafi, amma jika 8 na nan a shekarar. Mai sayar da kayan da ake saye sau ɗaya a shekaru, kamar firiji, ba shi da wannan dama, dole tukwicinsa ya fito daga ribar cinikin farko. Tsakanin dangi da aminai kuma, kyauta ko ragi ya fi kuɗi a hannu, domin da zarar aka ji cewa biyan mutum ake yi, shaidarsa ta rage nauyi.

Akwai ma'auni mai sauƙi da Fred Reichheld ya fito da shi a 2003: a tambayi mai ciniki, daga 0 zuwa 10, yaya yiwuwar ya tura wani? Masu cewa 9 ko 10 su ne masu yaɗa suna. Masu cewa 6 zuwa ƙasa su ya kamata a zauna da su a ji abin da ya dame su.

Sunan gari

Wani lokaci shaidar ta gari ce baki ɗaya. Albasar Galmi ta jihar Tawa ta yi suna har Akra da Abijan, kilishin Nijar kuma tsaraba ce da matafiyi ba ya rasa ɗauka. Duka biyun sun samu rajistar alamar asali a hukumar OAPI mai hedikwata a Yawunde. Irin wannan suna na kowa ne: sabon mai sana'a yana cin gajiyarsa tun ranar farko, amma mutum ɗaya da ya cusa ruɓaɓɓiyar albasa a ƙasan buhu yana jawo wa duk ƴan garin.

Haɗarin da ke ciki

Bashi ne kan gaba. Wanda aka turo yakan zo da tunanin za a ɗaga masa ƙafa albarkacin wanda ya turo shi, kuma kunya na hana mai kaya cewa a'a. Jarin ƙaramar sana'a ba ya jure wannan, shi ya sa masu ɗinki da kafintoci da yawa ke karɓar rabin kuɗi tun farko, su sa wa bashi iyaka da ranar biya a rubuce.

Na biyu shi ne karɓar aikin da ya fi ƙarfi. Suna na kawo mutane, yawan mutane ya kawo jinkiri da aikin gaggawa, sai bakin da ya yi yabo ya koma zagi. Gara a faɗa wa mutum gaskiya cewa babu wuri sai bayan sallah.

Na uku shi ne masu damfara da ke fakewa da wannan hanya. MMM ya yi alkawarin ribar kashi 30 cikin 100 a wata a Najeriya, da ƙarin lada ga wanda ya kawo wani, sannan ya rufe asusun mutane a Disamban 2016. Da yawa ƴan uwansu ne suka shigar da su. Alamar ganewa ita ce a duba inda kuɗin ke fitowa: idan daga kayan da ake sayarwa ne, ciniki ne, idan daga kuɗin shigar sababbin mutane ne, ranar da aka daina shiga zai rushe.

Lambar wayar mai ciniki ma amana ce. Sa mutum cikin zauren WhatsApp ko wallafa hotonsa da kayan da aka ɗinka masa ba tare da izininsa ba na iya kore shi, kuma a Nijar akwai dokar kare bayanan mutane da hukumar HAPDP mai kula da ita.

Iyakarsa

Shaidar baki tana iya kai mai sana'a har ƙofar ma'aikata ko ƙungiyar agaji, amma a can takarda za a nema. Mai abincin da wani ma'aikaci ya yaba, idan aka kira ta ciyar da taro, za a tambaye ta rasit da lambar haraji ta NIF da rajistar kasuwanci ta RCCM. A Nijar ana yin wannan rajista a Maison de l'Entreprise, ƙarƙashin majalisar ƴan kasuwa da masu masana'antu ta ƙasa, kuma ya fi kyau a yi ta tun kafin irin wannan kira ya zo.