George Edington da Tarihin Binciken Ciwon Daji a Ibadan da Zariya

George Miller Edington likita ne ɗan Birtaniya, masanin gano cututtuka ta hanyar binciken tsoka da jini a ɗakin gwaji. Ya yi mafi yawan aikinsa a Afirka ta Yamma, daga Ghana zuwa Ibadan, Zariya da Maiduguri, ya rasu a 1981. An fi tunawa da shi saboda kafa rajistar masu ciwon daji ta farko a Nijeriya, wadda ta sa aka soma sanin irin cutar da ke kama mutanen wannan yanki bisa ƙidaya.

Farkon aikinsa

Ya yi karatun likita a Jami'ar Glasgow, sannan ya kama aiki a ƙasar Ghana tun kafin ta sami 'yancin kai. A can ya mai da hankali kan cutar sikila. A 1954 shi da Hermann Lehmann suka ba da rahoton wani sabon nau'in sinadarin jan jini da aka sa wa suna himogulobin G. Daga nan ya koma Kwalejin Jami'a ta Ibadan a matsayin farfesa.

Rajistar Ibadan

A wancan zamani likitocin Turai da yawa na ganin ciwon daji bai cika kama baƙar fata ba. Dalilin wannan zato kuwa, marasa lafiya kaɗan ne ke isa asibiti, waɗanda suka isa ma ba kasafai ake yankar tsokarsu a duba ta da madubin likita ba. A 1960 Edington ya kafa rajista a sashensa na asibitin koyarwa na Ibadan. Tsarin shi ne a rubuta duk wanda aka tabbatar yana da cutar, da shekarunsa, da inda yake zaune, da sashen jikin da ta kama, sannan a auna adadin da yawan mutanen garin. A 1965 shi da Una Maclean suka buga sakamakon shekarun 1960 zuwa 1963 a mujallar binciken ciwon daji ta Birtaniya.

Sakamakon ya nuna cutar tana nan, sai dai salonta ya sha bamban da na Turai. Ciwon dajin hanta ya yi yawa a maza, na bakin mahaifa da na mama a mata, na huhu kuwa kaɗan ne. Alƙaluman Ibadan sun shiga kundi na farko na ƙididdigar ciwon daji a nahiyoyi biyar da aka buga a 1966, a lokacin da garuruwan Afirka da ke ciki ba su taka kara sun karya ba.

Ciwon Burkitt

A 1958 Denis Burkitt, likitan fiɗa a Kampala, ya bayyana wani kumburi da ke kama muƙamuƙin yara. Rajistar Ibadan ta tabbatar da cewa shi ne ciwon dajin da ya fi kama yara a can ma. Wannan ya mai da Ibadan cibiyar bincikensa. A 1963 R. J. V. Pulvertaft ya raya ƙwayoyin ciwon a ɗakin gwaji, waɗanda aka sani da sunan Raji, kuma har yau ana amfani da su a duniya. Victor Ngu, likitan fiɗa ɗan Kamaru, ya yi fice wajen warkar da ciwon da magani, ya kuma sami lambar yabo ta Lasker a 1972 tare da Burkitt da wasu. A 1964 aka gano ƙwayar bairos ta Epstein-Barr a cikin irin wannan kumburi, daga baya aka gane zazzaɓin cizon sauro mai yawan dawowa yana taimaka mata.

Zariya da Maiduguri

Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe tsangayar koyon likita a 1967, Edington kuma ya koma can ya riƙe sashen binciken cututtuka. Tsokar da ake aikowa daga asibitocin arewa ta ba da damar kwatanta ƙasar Hausa da kudu. Binciken da ya fito daga Zariya ya nuna wasu nau'o'i da ke da nasaba da rayuwar karkara: ciwon dajin mafitsara mai alaƙa da tsargiya, da na fata da ke tasowa a kan tsohon gyambon ƙafa. Na hanta kuma ana danganta shi da ciwon hanta nau'in B da gubar funfunar da ke kama gyaɗa da masara idan ba a busar da su sosai ba. A ƙarshen aikinsa ya shugabanci sabuwar kwalejin likitanci ta Jami'ar Maiduguri, garin da asibitin koyarwarsa ke karɓar marasa lafiya har daga Cadi da Kamaru da Nijar.

Tasirinsa

Littafin da ya rubuta tare da Herbert Gilles kan cututtukan ƙasashe masu zafi ya fito a 1969, aka sake buga shi a 1976, ɗaliban likita suka daɗe suna dogara da shi. Tsarin ƙidayar da ya soma ya bazu: an buɗe rajista a Yamai a 1992, Nijeriya kuma ta kafa tsarin haɗa rajistocinta na ƙasa a 2009. Matsalar da ya tarar ba ta kau gaba ɗaya ba, domin masana binciken tsoka sun yi ƙaranci a yankin, marasa lafiya da yawa kuma ba sa zuwa asibiti sai ciwo ya ci jiki. Rajistar Ibadan tana aiki har yanzu, kuma ita ce mafi daɗewa a Nijeriya.