Jikokin Mazan Jiya da Takardar Zama Ɗan Ƙasa

Ranar 27 ga Yuni 2023 mutanen mazaɓar Assin North suka sake zaɓar James Gyakye Quayson, makonni kaɗan bayan Kotun Ƙolin Ghana ta ce a goge sunansa daga cikin 'yan majalisa. Dalilin kotu shi ne, sa'ad da ya miƙa takardun tsayawa takara a 2020 bai gama rabuwa da ƙasar Kanada ba. Shaidar ajiye zamansa ɗan Kanada ta iso kafin ranar zaɓe, amma ta tarar ya riga ya miƙa takardun. Ya ci zaɓen cike gurbi, aka rantsar da shi, ya koma kujerarsa.

A lokacin, in na buɗe layi a shirina na rediyo, masu kira daga Nima da Maamobi ba su cika tsayawa kan Quayson ba. Abin da ke cin ransu daban ne. Shi dai yana da ƙasa ta biyu da zai ajiye, a ba shi takarda, magana ta ƙare. To, wanda aka haifa a Nima, aka haifi ubansa a Zangon Kumasi, bai taɓa riƙe fasfon wata ƙasa ba, amma ana ce masa baƙo, me zai ajiye?

Amsar wannan tambaya tana can baya, a bariki.

A farkon shekarun 1860 wani Bature, Kyaftin John Glover, ya kafa ƙaramar runduna a Legas, yawancinta bayi ne da suka gudo daga iyayen gijinsu, masu jin Hausa. Da su ya bi ta Kogin Volta a yaƙin da Ingila ta yi da Tonawa, wato Ashanti, wanda aka ƙone Kumasi a cikinsa a 1874. A 1879 aka kafa wa Gwalkwas tata rundunar daga irin waɗannan mutane, a 1901 kuma ta zama cikakkiyar rundunar soja. Turawa duk wanda ya zo daga arewa Bahaushe suke ce masa, alhali akwai Zabarmawa da Mosawa da Gurunsawa da Dagombawa a ciki. Hausa ce dai harshen bariki, da ita ake ba da umarni, da ita ake zagi. In soja ya yi ritaya, zango yake komawa, kusa da fataken goro da mahauta da malamai.

Akwai wani abu da ke ba ni mamaki a nan. A ƙasashen da Faransa ta mallaka, aikin soja tilas ne, ga kuma aikin ƙarfi na dole. Samari da yawa daga ƙasar Zabarma da ƙasar Mosi gudun wannan ne ya kawo su Gwalkwas, wasunsu kuma suka ɓuge da sa kakin Ingila da ƙafarsu, don akwai albashi. Faransa, duk da zaluncinta, ta taɓa haɗa jini da takarda: dokokin da Blaise Diagne ya tsaya musu a 1915 da 1916 sun tabbatar wa mutanen garuruwa huɗu na Senegal zama 'yan ƙasar Faransa, su kuma su yi mata soja. Ingila ba ta yi wa sojanta na Gwalkwas irin wannan alkawari ba. Lambar girma da igiya a hannu kawai ya samu.

A Yaƙin Duniya na Biyu an kai su Habasha, sannan Bama, cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. Babban barikin Accra daga nan ya samo sunansa na Burma Camp. Nima kuwa, wadda Malam Amadu Futa ya kafa a farkon shekarun 1930 kan filin da ya samu daga ƙabilar Ga, a shekarun yaƙin da bayansa ta cika ta batse, da leburori da masu gadi da mazan jiya. Ranar 28 ga Fabrairu 1948 tsofaffin sojoji suka nufi fadar Gwamna a Osu don neman haƙƙinsu, aka harbe uku: Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Odartey Lamptey. Kowane ɗan makaranta a Ghana ya san daga nan tafiyar neman 'yanci ta ɗauki zafi.

Da 'yancin ya zo a 1957, dokar zama ɗan ƙasa ba ta tambayi wa ya yi yaƙi ba. Ta ce haihuwa a Ghana ba ta isa ba, sai in an haifi ɗaya daga iyayenka ko kakanninka a ƙasar. Wannan sharaɗi kan mutanen zango ya fi faɗawa. Ba a ko cika shekara ba, gwamnatin Nkrumah ta kori Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Ladan, manyan Zangon Kumasi masu goyon bayan 'yan hamayya, zuwa Najeriya. Sun garzaya kotu suna cewa su 'yan Ghana ne, sai majalisa ta yi doka ta musamman ɗauke da sunayensu don ta rufe shari'ar. A ganina ranar nan aka koya wa 'yan siyasar Ghana cewa asalin ɗan zango sanda ce da za a iya ɗauka duk ran da aka ga dama.

Kofi Busia ya ɗauke ta da hannu biyu. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatinsa ta ba duk baƙon da ba shi da izinin zama makonni biyu ya bar ƙasar. Dubban ɗaruruwan mutane suka fita, Yarbawa da Hausawa da Zabarmawa da mutanen Togo, cikinsu har da waɗanda ba su san wani gida ba sai Ghana. An sayar da shaguna da gidaje a wulaƙance. Dattawan Nima har yau ba sa ambaton shekarar nan da sakin fuska. Najeriya ma ta yi irin tata a 1983, zamanin Shagari, kada wani ya yi wa wani gori.

Izinin riƙe ƙasa biyu sai a 1996 ya samu, da aka yi wa kundin tsarin mulkin 1992 gyara, dokar 2000 kuma ta shimfiɗa yadda za a bi. An yi shi ne musamman don 'yan Ghana mazauna Landan da Toronto da New York, kuma ba na ƙyashi, don 'ya'yan Nima ma sun cika unguwar Bronx. Amma an gindaya iyaka. Mai ƙasa biyu ba zai zama jakada ba, ko Sufeto Janar na 'yan sanda, ko babban hafsan tsaro, ko shugaban wani reshe na soja. Majalisa ma an rufe wa wanda ke da mubaya'a ga wata ƙasa. Wannan ce ta ci Adamu Dramani Sakande, ɗan majalisar Bawku ta Tsakiya, wanda aka ɗaure shekara biyu a 2012 kafin Shugaba Mahama ya yi masa afuwa.

Duk waɗannan suna da fasfo biyu da za a ajiye a gaban alƙali a duba. Ɗan zango shi tasa shari'ar a teburin rajista ake yin ta, ba lauya. Kundin 1992 ya ce kai ɗan ƙasa ne in ɗaya daga iyayenka ko kakanninka ɗan ƙasa ne, wato dai sarƙar tana komawa kan sharaɗin 1957. A 2020 Kotun Ƙoli ta ƙara da cewa takardar haihuwa ba ta zama hujjar ɗan ƙasa ba wajen rajistar zaɓe. Lokacin rajistar Ghana Card koke-koke sun yi yawa daga zanguna, cewa suna ko kamanni kaɗai kan sa a tsare mutum da tambayar garin kakansa.

Ghana ba ta tilasta wa kowa aikin soja, mai so ne ke nema. Sai dai sharaɗin farko a sanarwar ɗaukar sababbin sojoji shi ne mutum ya kasance ɗan Ghana ta haihuwa. Saurayin Maamobi da kakansa ya taso daga Dosso ya yi yaƙin Bama, in yana son shiga Burma Camp da kaki, sai ya fara nemo shaidar inda aka haifi kakarsa.