Tagliatelle: Taliyar Da Ake Yankawa

Jama'a, mu da muka saba da taliyar murji, bari mu leƙa Italiya. Suna da wata taliya mai faɗi kamar zirin ƙyalle, tagliatelle, ana furta ta "taliyatelle". Sunan daga tagliare ya fito, wato yanka: a murza kwaɓin fulawa da ƙwai, a naɗe, a yayyanka da wuƙa.

Labarin da ake bazawa, wai wani kuku ya ƙirƙiro ta a 1487 yana kwaikwayon gashin amarya Lucrezia Borgia, ƙanzon kurege ne; mai barkwanci Augusto Majani ya shirya shi a 1931. Mutanen birnin Bolonya kuwa ba sa wasa da ita: a 1972 aka ajiye samfurinta na zinariya a majalisar 'yan kasuwarsu, faɗinta milimita 8 in ta dahu.