Koton Roba da Dabarun Kama Giwan Ruwa da Tsage a Lokacin Bazara: Nazari a Kan Kogin Kaduna a Yankin Kajuru

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci irin koto da dabarun fatsa da suka fi dacewa da kama kifaye masu farauta a Kogin Kaduna, a ɓangaren da ya ratsa ƙasar Kajuru, lokacin bazara. An ɗora nazarin a kan halayyar giwan ruwa da tsage da tufi da tarwaɗa, da sauyin da zafi ke kawo wa ruwa, sannan aka auna dabarun da masu kamun kifin bas na Amurka ke yaɗawa. Maƙalar ta nuna cewa bazara ce ta yi daidai da yanayin da aka tsara waɗancan dabaru dominsa, kuma hasken ruwa da iskar oksijin da nau'in kifi su ne ke tantance koton da zai ci. Ta kuma ja hankali cewa tattaruwar kifi a gurabu masu zurfi, wadda ke sauƙaƙa kamu, ita ce ke jefa iyayen kifi cikin haɗari.

Muhimman kalmomi: su, fatsa, koton roba, giwan ruwa, bazara, Kajuru

1.0 Gabatarwa

Sana'ar su tsohuwa ce a ƙasar Hausa da maƙwabtanta, tana da sarautarta ta Sarkin Ruwa, tana da kayan aikinta irin su koma da birgi da taru da mali da mamari. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934 kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016, shaida ne na matsayin giwan ruwa a idon masunta. A 'yan shekarun nan wani sabon abu ya shigo: matasa na kallon bidiyon masu kamun kifin bas a YouTube, suna sayen koton roba, suna gwadawa a kogunanmu. Da yawa sukan dawo hannu rabbana, su yanke hukuncin cewa kifinmu ba ya cin roba.

Wannan hukunci yana buƙatar a sake duba shi. Bas mai faɗin baki, wato Micropterus salmoides, kifin Arewacin Amurka ne, kuma shahararren wanda George Perry ya kama a jihar Jojiya a 1932 nauyinsa kilo 10 ne da 'yan kai. Giwan ruwa kuwa, wato Lates niloticus, yakan kai tsawon mita 2 da nauyin kilo 200. Duk da wannan tazara, su biyun mafarauta ne masu kwanton ɓauna, masu haɗiye ƙananan kifi ɗungurungum. Tambayar da maƙalar ta sa gaba ita ce: wane ɓangare na dabarun bas zai yi aiki a Kajuru, a wane lokaci, kuma a kan wane kifi?

A nan, koton roba na nufin duk koton da aka ƙera don ya kwaikwayi abin da kifi ke ci, na roba ne ko na ƙarfe ko na katako.

2.0 Farfajiyar Bincike

Kogin Kaduna ya taso daga tsaunukan Jos, kusa da Vom, ya yi tafiyar kimanin kilomita 550 kafin ya faɗa Kogin Kwara daura da Pategi. A kan hanyarsa ta zuwa birnin Kaduna ne yake ratsa ƙasar Kajuru, ƙasar Adara da Gbagyi da Hausawa da Fulani, wadda Kasuwan Magani ke cikin manyan cibiyoyin cinikinta. Ƙasa ce mai duwatsu da fa, kuma haka ƙasan kogin yake: wani wuri ruwa na gangarowa kan dutse yana kumfa, wani wuri yashi ne, wani wuri gurbi ne mai zurfi da ba ya ƙafewa. Tun da aka kammala madatsar Shiroro a kan kogin a 1990, kifin wannan ɓangare ya rabu da na ƙasan kogi, domin madatsa tana tare hanyar hawan kifi. Ma'ana, abin da aka kashe a nan ba zai samu madadi daga Kwara ba.

3.0 Hanyar Bincike

An bi hanyar nazari da kwatanci. An dogara da bayanan halittar kifi da ke cikin aikin Reed da abokansa kan kifayen Arewacin Nijeriya na 1967, da binciken Hopson kan giwan ruwa a Tafkin Chadi na 1972, da jagorar gane kifaye ta Olaosebikan da Raji ta 1998 daga kwalejin fasahar kifin ruwan daɗi da ke New Bussa. An haɗa wannan da sanannun ƙa'idojin kimiyyar ruwa, sannan aka auna kowane nau'in koto da ma'auni uku: hanyar da kifi ke gano abinci, wurin da yake fakewa, da ƙirar bakinsa.

4.0 Sakamako da Tattaunawa

4.1 Kuskuren bin kalanda

Lokacin zafi a Amurka yana kamawa daga Yuni zuwa Agusta. A kudancin Kaduna waɗannan watanni tsakiyar damina ne: kogi ya cika ya batse, ruwa ya yi ja da laka, kifi ya bazu cikin fadamu. Wanda ya jefa koton da aka ƙera don ido a irin wannan ruwa, ya ɓata lokacinsa. Yanayin da masu bas ke nufi, wato ruwa mai ɗumi, mai haske, wanda ya ja baya, a nan ana samunsa ne daga Maris zuwa saukar ruwan farko, kuma ruwan kan riga na Kano sauka. Wannan ɗan taƙin shi ne kakar koton roba a Kajuru.

4.2 Zafi da iskar ruwa

Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar oksijin kamar mai sanyi. A digiri 20 na ma'aunin Salshiyas, lita ɗaya ta ruwan daɗi na iya riƙe kimanin miligiram 9, amma a digiri 30 sai ta sauko zuwa kimanin 7.5. A daidai lokacin kuma jikin kifi ya fi buƙatar iskar, saboda zafi na hanzarta aikin jikinsa. Giwan ruwa da tsage suna son ruwa mai wadatar iska, don haka a bazara sukan matso bakin gurbi, wurin da ruwan da ya gangaro kan duwatsu yake zuba. A nan iska take, a nan kuma ƙananan kifi irin su kawara da shemani ke taruwa. Tarwaɗa da tufi kuwa suna iya shaƙar iskar sarari, shi ya sa suke zama lafiya a kududdufi mai ciyawa da ruwansa ba ya gudu. Daga nan ƙa'ida ta farko ta fito: mai fatsa ya fara zaɓen ruwa kafin ya zaɓi koto.

4.3 Giwan ruwa

Idon giwan ruwa yana da wani shafi a ciki mai maido da haske, abin da ke ba shi damar gani a duhu-duhu fiye da kifin da yake farauta. Saboda haka asuba da gab da magariba su ne lokutan cinsa. Da rana ta take yakan lafe a gindin dutse ko ƙarƙashin itacen da ya faɗa ruwa.

Koto iri biyu suka dace da wannan hali. Na farko shi ne ɗan kifin roba ko katako mai leɓe a gaba, wanda ke nutsewa yana rangaji idan ana jan zare. Masunci Lauri Rapala na ƙasar Finlan ya sassaƙa irinsa a 1936 bayan ya lura cewa babban kifi yakan zaɓi ɗan kifin da ke tangaɗi daga cikin garke. Wannan lura ta shafi giwan ruwa ƙwarai. Rangajin yana aika girgiza da kifi ke ji ta layin da ke gefen jikinsa, ko da bai ga koton ba. Dabarar ita ce a jefa sama da bakin gurbi, a jawo a hankali ta gefen dutse, ana ɗan tsayawa, domin sau da yawa a lokacin tsayawar ne kifi ke kai cafka.

Na biyu shi ne ƙugiya mai kan dalma da aka sanya wa ɗan kifin roba mai taushi. Ita ce ta dace da tsakar rana, domin tana sauka har ƙasa inda kifi ya lafe. Ana ɗaga ta a sake ta kamar kifin da ya jikkata. Ƙugiyarta ɗaya ce kuma tana kallon sama, don haka ba ta yawan maƙalewa a dutse kamar koto mai ƙugiyoyi uku-uku.

A nan ne kayan bas ke gazawa. Zare da ƙugiyar da aka yi don kifi mai kilo 2 ko 3 ba za su riƙe giwan ruwa ba. Da zarar ya ji ƙugiya, ramin dutse yake nufa, kuma marufin kuncinsa yana da kaifi. Dole a ɗaura guntun zaren nailan mai kauri tsakanin koto da babban zare.

4.4 Tsage

Tsage, na jinsin Hydrocynus, da ido yake farauta, da rana, a cikin ruwa mai gudu, kuma sau da yawa a ƙungiyance. Abin da ke jan shi walƙiya ce da sauri. Koton ƙarfe mai siffar cokali, fari kamar azurfa, da koto mai ɗan faifan da ke juyawa, su suka fi kama da kawara mai gudu. Ana jefawa a ƙetare igiyar ruwa a jawo da hanzari. Haƙoransa suna datse nailan nan take, saboda haka sai an sa guntuwar waya. Bakinsa kuma ƙashi ne, yakan yi tsalle ya watsar da koto, don haka ƙugiya ɗaya mai kaifi ta fi shiga. Cokalin yana da wata fa'ida ga mai ƙaramin ƙarfi: maƙeri zai iya fitar da shi daga tsohon cokalin ƙarfe.

4.5 Tufi da tarwaɗa

Tufi, wato Parachanna obscura, shi ne ya fi kusa da bas a zaman ɓuya cikin ciyawa. Yana cin ƙananan kifi da kwaɗi da ƙwari, don haka kwaɗon roba mai yawo a saman ruwa, wanda ƙugiyarsa ke ɓoye, ya dace da shi. Tarwaɗa kuwa da ƙanshi da gashin bakinta take neman abinci, galibi da dare. A kanta koton gargajiya, irin su tana da hanjin kaza da shinge, ya fi na roba nesa ba kusa ba. Masuntan da ke cewa roba ba ta kama kifi suna da gaskiya idan tarwaɗa suke nufi.

4.6 Launi da hasken ruwa

A ruwan bazara mai haske kifi na ganin komai, har da mai fatsa. Hausawa sun ce kifi na ganinka mai jar koma. Launin da ya yi kama da na kifin kogin, fari-fari ko mai duhun baya, shi ya fi, kuma mai fatsa ya guji tsayawa kan dutse inda inuwarsa za ta faɗa ruwa. Idan ruwan farko ya gurɓata kogi, sai a koma ga koto mai ƙara ko girgiza, mai launi baƙi ko rawaya.

4.7 Haɗarin da ke cikin sauƙin kamu

Akasarin kifayen kogunanmu suna hayayyafa ne idan ruwa ya fara hawa a farkon damina. Kifin da ya taru a gurbi a watan Afrilu, shi ne zai saka ƙwai bayan 'yan makonni. A wannan lokaci ne kuma masu zuba magimfa ko maganin ƙwari irin Gamalin ke yin ɓarna, su kashe babba da ƙarami a yini guda, su gurɓata ruwan da mutane da dabbobi ke sha, duk da cewa dokar kamun kifin cikin gida mai lamba 108 ta 1992 ta haramta guba da nakiya da lantarki. Fatsa da koton roba kifi ɗaya take ɗauka a kowane jifa, kuma galibi a leɓe take kama shi, don haka ana iya mayar da wanda bai isa ba ko uwa mai ƙwai da ranta. Wannan ita ce babbar hujjar da ta sa ya kamata a ɗauki dabarar da muhimmanci.

5.0 Shawarwari

Na ɗaya, sashen kula da kifi na Jihar Kaduna ya haɗa kai da sarakunan ruwa da masu unguwanni wajen keɓe wasu gurabu da ba za a taɓa ba a bazara. Na biyu, a koya wa maƙera da matasa ƙera cokali da ƙugiya mai kan dalma a gida. Na uku, jami'o'in jihar su gudanar da gwaji a bakin kogi, a rubuta nau'in koto da sa'a da zafin ruwa da nauyin kowane kifi. Na huɗu, ganin matsalar tsaro da yankin ya sha fama da ita, masu fita da asuba ko magariba su tafi a ƙungiya da sanin shugabannin gari.

6.0 Kammalawa

Nazarin ya nuna cewa abin ɗauka daga masu bas shi ne yadda suke karanta ruwa. A Kajuru, bazara ce lokacin koton roba: mai leɓe da mai kan dalma don giwan ruwa a bakin gurbi, cokali da waya don tsage a ruwa mai gudu, kwaɗon roba don tufi a ciyawa, tarwaɗa kuma a bar mata tana. Gurabun da ke ba da wannan kamu su ne ma'ajiyar irin kifin kogin, kuma tun da Shiroro ta tare hanya, ba za a samu madadinsu daga Kwara ba. Masuncin da ya saki uwa mai ƙwai a Afrilu, shi ne zai samu abin jefa wa fatsa a bazarar baɗi.